Kada ka sa hannu a wannan makon, amma ka sa wa shirinka rana

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye na ƙasar Madawa, cikin jihar Tawa. Bayan shekarun da na yi ina bida a Abijan, na dawo gida na kama noman albasa, kuma watanni biyu da suka wuce ƴan koperatif ɗinmu suka zaɓe ni shugaba. Abin da ke cinye ribarmu shi ne kuɗin man da muke zuba wa injinan ban ruwa, kuma alkawarin da na yi wa jama'a ke nan, cewa zan raba su da wannan wahala. To ga shi wani ɗan kasuwa ya zo mana da famfunan sola guda goma. Ya ce mu ba shi miliyan 3 na sefa da ke asusunmu a matsayin kafin alƙalami, sauran mu cika masa a ƙarshen watan Maris, amma sai in mun sa hannu cikin wannan makon, in ba haka ba zai kai wa wani gari. Matasa sun matsa mini, suna cewa don aiki suka zaɓe ni. Ma'ajinmu kuwa ƙanen mahaifina ne, ya ƙi sa hannu, ya ce sai na gaya masa rijiyar wa za a sa wa famfunan da kuma abin da za a biya bashin da shi. Na rasa amsa, sai na yi fushi na tashi. Yanzu ko gaisuwarmu ta ragu, matasa kuma sun fara ce mini ɗan Baba. Wasu sun ba ni shawara in tara kwamiti mu cire shi, mu sa hannu tun ba a fara yafa iri ba. Shin in yi hakan?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Amsata a taƙaice ita ce kada ka cire baffanka, kuma kada ka sa hannu a kan wannan takarda cikin wannan makon. Ba ina nufin matasanku sun yi kuskure ba ne da suka ce kuɗin mai ya ishe su, domin duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Tarka ko a Majiya ya san yadda injin ke shan ribar garka tun daga dashe har zuwa cira. Famfon sola abu ne mai amfani, kuma mai yiwuwa ne a ƙarshe ku saye shi. Abin da ya ja hankalina a wasiƙarka shi ne jimlar nan da ka ce ka rasa amsa. Tambayoyi biyu aka yi maka, dukansu kuwa irin waɗanda za a sake yi maka ne a watan Maris, a lokacin da babu sauran ko dala a asusu, kuma mai tambayar ba zai kasance ƙanen mahaifinka da ke jin kunyarka ba. Tun da ba ka da amsarsu a yau, ba ka shirya sa hannu ba tukuna, ko da famfunan nan su ne mafi kyau a duk ƙasar.

Bari mu fara da ruwa, tun da a kansa komai ya rataya. Yanzu damina ba ta daɗe da wucewa ba, ruwan ƙasa yana sama, kusan kowace rijiya da kowane foraj, wato rijiyar burtsatse, a cike suke, saboda haka duk famfon da aka gwada a gabanku yau zai yi ta ambaliya har mutane su yi kabbara. Amma albasa ta fi bukatar ruwa a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da take ƙwai, kuma a lokacin ne ruwan ke ja da baya. Ka san da kanka dalilin da ya sa wasu manoma ke haƙa rami a gefen rijiya su saukar da injin ciki idan rani ya yi nisa: injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa ba ya iya ja daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. Idan famfunan ɗan kasuwar irin na sama ne, wannan iyaka ta hau kansu. Idan kuma irin na nutsarwa ne, sai a san ko kaurinsu zai shiga bututun foraj ɗinku, a kuma san ko foraj ɗin yana ba da ruwan da ya kai abin da famfon ke ja, domin famfon da ya yi ta juyawa babu ruwa lalacewa yake yi. Ka tambayi ɗan kasuwar lita nawa famfonsa ke bayarwa a awa ɗaya, kuma daga wane zurfi, ya nuna maka a rubuce a takardar kamfanin da ya ƙera shi. Sannan ka bi masu garka ɗaya bayan ɗaya su gaya maka inda ruwansu ya tsaya a watan Afrilun bara. Tsofaffin sun san wannan ba tare da sun duba takarda ba, da gaba da kamu za su auna maka.

Akwai kuma halin rana. Injin mai yana tashi duk lokacin da aka ja igiya, da asuba ko da almuru, shi kuwa famfon sola sai rana ta ɗaga yake samun ƙarfi, ya kai ƙololuwarsa da tsakar rana, ya fara sanyi bayan la'asar. A watannin Disamba da Janairu hazo kan rufe sama kwana da kwanaki, ƙura ta kwanta a kan faifan sola har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa, kuma idan ba a samu mai gogewa kowace safiya ba ruwan da ke fita daga tiyo raguwa yake yi. Wannan ba ya hana amfani da sola, sai dai yana canza tsarin ban ruwa baki ɗaya, har wasu kan gina tafkin siminti su tara ruwan rana su sake shi da yamma. Shin kuɗin wannan gini yana cikin lissafinku? Shin kuɗin gadi yana ciki, tun da faifan sola abu ne da ɓarayi ke so, kuma garka ba gida ba ce?

Tambayar baffanka ta farko ta fi wannan nauyi. Famfo goma ne, ku kuwa kun fi goma, kuma kuɗin da za a bayar na kowa ne, har da gwauruwar da ta zuba jika biyu biyu tana hana kanta. Idan aka kafa famfo a garkar wane, shi zai daina sayen mai, maƙwabcinsa kuma ya ci gaba da saye, alhali kuwa bashin yana wuyansu su duka. Da wane ma'auni za a zaɓi mutum goman? Za su biya haya ga koperatif ne, ko za su saye famfon a hankali? Idan ya lalace, wa zai kira mai gyara, kuma ina mai gyaran yake, a Madawa, a Ƙwanni, ko sai an aika Yamai? A wannan jiha tamu muna da darasi a kan haka. Tun daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙasar Buza, don kare gonaki daga iska, aiki mai kyau wanda ya yi suna har ƙasashen waje. Amma da itatuwan suka girma aka zo sara, sai da aka zauna warware tambayar wa ke da itacen, mai gona, ko jama'ar da suka dasa, ko ma'aikatan gandun daji. Idan aikin da aka yi shekaru ana bi bai tsira daga wannan tambaya ba, sayayyar mako ɗaya ba za ta tsira ba. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne a wayi gari famfunan sun sauka a garake goma na matasan da suka fi ɗaga murya, sauran jama'a su ce sabon shugaba ya saya wa abokansa kaya da kuɗinsu. Irin wannan magana idan ta fita ba ta komawa.

Tambayarsa ta biyu kuwa, wato da me za a biya, ina roƙonka ka zauna ka dube ta da kyau, domin a nan ne tarkon yake. Ƙarshen Maris shi ne lokacin da albasar Galmi da Madawa da Ƙwanni da Kaita ke fitowa kusan gaba ɗaya, buhuna su cika kasuwar Tsarnawa da sauran wuraren awo, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Manomin da ya samu riba shi ne wanda ya iya zuba albasarsa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira watanni, ya jure asarar wadda za ta ruɓe, har farashi ya tashi wajen ƙarshen damina. Wanda bashi ya kama a watan Maris ba shi da wannan zaɓi, dole ya sayar a ranar da mai saye ke yanka farashi yadda ya ga dama. Saboda haka yarjejeniyar da aka kawo muku tana tilasta wa ƴan koperatif sayarwa a mafi munin lokacin shekara, kuma abin da kuka tsira da shi na kuɗin mai yana iya tafiya a nan har ya ɗauki ƙari. Ka tuna kuma cewa albasarmu kasuwarta tana waje, a Gana da Kodibuwa da Najeriya da Benin da Togo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta sa takunkumi aka rufe iyakoki, motocin kaya sun tsaya a hanya, kuma albasa ba ta jiran a gama sulhu. Babu manomin da ya jawo wannan, amma manomi ne ya ɗauki asarar. Shugaban da zai ɗaura wa jama'arsa bashi wajibi ne ya tambayi kansa abin da zai faru idan hanya ta toshe ko farashi ya karye, kuma idan asusun ya koma fanko tun watan Oktoba, da me za a sayi iri da takin zamani.

Game da wa'adin mako ɗaya, ba na zargin ɗan kasuwar da mugunta, sana'arsa yake yi, kuma sa wa mai saye gaggawa tsohuwar dabara ce ta kasuwa. Amma wa'adin nasa ne, bukatarsa ya duba ya sa shi. Famfon sola ba ya ƙarewa a duniya, akwai masu sayar da shi a Tawa da Maraɗi da Yamai, kuma wanda ke da tabbacin kayansa ba ya gudun a kwatanta su da na wani. Ka ce masa kuna so, amma sai bayan babban taro, kuma kuna neman a mayar da ranar biya zuwa Satumba ko Oktoba, a kuma rubuta garanti da sunan wanda zai yi gyara. Yadda ya karɓi wannan magana zai gaya maka abubuwa da yawa game da shi.

Batun cire ma'aji kuwa ka fitar da shi daga ranka. Koperatif a Nijar tana tafiya ne a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta OHADA, wato ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, dokar da aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, kuma a tsarinta babban taron ƴan ƙungiya shi ne ke sama da kowa, sannan akwai kwamitin sa ido da aka kafa musamman don ya duba abin da shugabanni ke yi da dukiya. Ka ɗauko takardun ƙa'idojinku ka karanta abin da suka ce game da cin bashi da cire jami'i, ina kyautata zaton za ka tarar ba abu ne da mutum uku ko huɗu za su yanke a zaure ba. Ko da ma doka ta ba ka dama, ka duba yadda abin zai kasance a idon jama'a: shugaba ya kori ma'aji saboda ya ƙi sakin kuɗi, kashegari kuɗin suka fita duka. Ko famfunan sun yi aiki sai an yi maka zato, balle a ce ɗaya ya ƙone. Sa hannu biyu da ake bukata a kan kuɗin ƙungiya kariya ce gare ka kafin kowa, kuma ma'ajin da ke tambaya kafin ya sa hannu shi ne irin wanda ya kamata ka roƙi Allah ya bar maka.

Ba na cewa baffanka yana da gaskiya don kawai ya girme ka. Na san dattawan da ke ɓoye tsoron sabon abu a bayan kalmar haƙuri, su yi ta cewa a dakata har shekara ta wuce, kuɗi na kwance, mai na ƙara tsada. Idan shiri ba shi da ranar ƙarewa ya zama jan ƙafa, kuma matasa za su yi daidai idan suka gaji da kai. Abin da ya raba baffanka da waɗancan, bisa ga abin da ka rubuta, shi ne bai ce a'a ba, sharaɗi ya gindaya, kuma sharaɗin yana da amsa idan aka nema.

Matasa suna ganin shugaba na gari shi ne mai saurin yanke hukunci, kuma akwai gaskiya a ciki, domin akwai ranar da jinkirin awa ɗaya ke jawo asara. Sai dai wanda ke iya sauri a irin wannan rana shi ne wanda ya gama lissafinsa tun kafin ta zo. Ka dubi hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Fitar ta kasance cikin ɗan lokaci, amma Sayyidina Abubakar ya yi wata huɗu yana kiwon raƙuma biyu domin tafiyar, an yi jinga da ɗan jagora masanin hanya, an shirya kwana uku a kogon Saur, an sa Abdullahi ɗan Abubakar ya riƙa kawo labarin Makka da dare, Amiru ɗan Fuhaira kuma ya riƙa kawo tumaki suna samun madara. Wanda ya fi kowa dogaro ga Allah ne ya yi wannan tanadi. A sura ta Ali Imrana ma, umarnin shawara ne ya fara zuwa, sannan ƙudurta niyya, sannan tawakkali. Hausawa kuma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan wani ya ce maka a sa hannu kawai Allah zai rufa asiri, ka tuna masa wannan jeri cikin ladabi.

Ga abin da nake ganin za ka yi, kuma mako uku sun isa. Ka fara da baffanka, ka je gidansa bayan sallar isha'i kai kaɗai, ka zauna ƙasa, ka ce masa: Baba, na tashi cikin fushi ranar nan, ka yafe mini, tambayoyinka biyu ban da amsarsu, ina so ka taya ni nemo ta. Wannan ba zai rage maka komai ba, kuma zai mayar da shi abokin aikin maimakon mai tsare ƙofa. Daga nan ka zaɓi mutum biyu daga cikin matasan da suka fi zafi, ka ɗora musu aikin zagaya garake su rubuta zurfin kowace rijiya da faɗin kowace garka da yawan man da mai ita ya saya bara. Wanda aka ba aiki ba ya samun lokacin yi maka waƙar ɗan Baba, kuma da idonsa zai ga cewa ba kowace rijiya ce za ta ɗauki famfon ba. Ka aika wani ya samo farashi daga wurin masu sayarwa biyu ko uku. Ka je ofishin aikin gona na Madawa, ko ka tuntuɓi majalisar manoma ta jihar Tawa, wato CRA, wadda ke cikin RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ka nemi ma'aikacin da ya san ban ruwa ya duba takardar famfon, ka kuma tambaye su ko akwai wani tallafi ko rance na kayan ban ruwa da koperatif mai rajista za ta iya nema. Mafi amfani duka, ku ɗauki mota ku je garin da aka kafa irin wannan famfo shekara biyu ko uku da suka wuce, ku tambayi masu shi ba a gaban mai sayarwa ba. Ku tambaye su har da batun injinan da wasu manoma suka juya suka koma aiki da gas, ko zai rage muku tsada kafin sola ta samu.

Tun yau ka sanar da ranar babban taro, ka sa a faɗa a masallaci da wurin mata, domin kowa ya san ba kwanciya ka yi ba. A wurin taron ka kawo lissafi a rubuce, ka karanta shi da Hausa dalla-dalla, sannan ka gabatar da shawarar da ni nake ganin ta fi dacewa da ku bana: a sayi famfo biyu ko uku da kuɗi hannu, ba tare da bashi ba, a kafa su a rijiyoyin da suka bambanta zurfi, a zaɓi masu garkar da ƙuri'a daga cikin waɗanda rijiyarsu ta dace, su riƙa biyan haya da ba ta kai kuɗin man da suke kashewa ba, a kuma ajiye littafi na abin da kowane famfo ya yi daga dashe har cira. Sauran kuɗin su tsaya a asusu domin iri da taki da abin da ba a zata ba. Idan Afrilu ya zo za ku san abin da babu ɗan kasuwar da zai iya gaya muku, kuma a lokacin idan kuka ga ya dace ku sayi ashirin, za ku yanke cikin zama ɗaya.

Mai yiwuwa ne taron ya ƙi shawararka ya zaɓi a sayi goman duka. Idan haka ta faru bayan an karanta musu lissafi sun ji, to hukuncinsu ne, a rubuta shi a takardar taro, waɗanda suka halarta su sa hannu ko su dangwala yatsa, kai kuma ka tsaya kai da fata a kan abu biyu, wato a ɗage ranar biya ta wuce lokacin cira, kuma kada a kwashe asusun duka. Idan baffanka ya ƙi sa hannu bayan wannan, sai a kai maganar gaban kwamitin sa ido, su ne za su yi masa magana a madadin jama'a, kai kuma ka ci gaba da zuwa gaishe shi kowace safiya kamar yadda ka saba.